Lungun da Muka Faɗaɗa Saboda Inna

Lungunmu a Hunkuyi ba wanda ya zauna ya tsara shi. Kakanmu ne ya fara gina gida a can ƙarshe, sauran suka biyo baya, kowa ya kafa katangarsa inda ya ga dama, abin da ya rage a tsakiya shi ya zama hanya. Doka ɗaya kakan ya bari, Baba kuma ya riƙe ta kamar karatu: a bar faɗin da mutum huɗu za su wuce da makara ba tare da kafaɗar kowa ta gogi bango ba. Shi ke nan. Ba a yi maganar mota ba, don a lokacin ko jakin kirki ba kowa ke da shi ba.

Da na yi wayo na tarar da lungun yana ramewa a hankali. Duk shekara kafin damina a yi wa katanga sabon yaɓe, kuma ban taɓa ganin wanda ya kankare tsohon ba, sai dai a ɗora. Kawu, ƙanin Baba, ya fito da ɗan shagon cajin waya daga jikin gidansa. Wata tsohuwa maƙwabciyarmu, wadda duk unguwa ke ce wa Gwaggo, ta kafa turken awakinta a waje don wai sun fi son iska. Indararo kuwa kowane gida ya miƙo nasa kamar mai nuna wani da yatsa. Babban abin da ya ci hanyar shi ne dakalin Baba, dogo mai faɗi, a daidai ƙofar zaurenmu. A kansa yake zama bayan la'asar, magidanta su kewaye shi da littattafansu yana biya musu karatu. In wani ya yi ƙorafin matsi, sai Baba ya miƙe ya buɗe hannuwansa biyu a tsakiyar hanya ya ce, "Makara za ta wuce." Daga nan magana ta ƙare.

Ni ce ta uku a ɗakinmu. Ina koyarwa a firamare, aurena kuma bai kai ni nesa ba, unguwa biyu ce tsakaninmu da gida. Kowa ya yarda ni na kwaso taurin kan Baba gaba ɗaya ban rage wa kowa ba. Ina yi masa musu, amma a durƙushe nake yi, shi ya sa bai taɓa samun hanyar cewa na yi rashin kunya ba.

Inna babbar mace ce, a jiki da a hali. Tun da aka kawo ta gidan ba a taɓa ganin ta a waje da rana tsaka ba sai da lulluɓi har ƙasa, ko dariya za ta yi sai ta kare baki da gefen mayafi. Hawan jini ya daɗe yana binta tana ɓoyewa. Wata ranar Talata da hantsi jiri ya kwashe ta a bakin rijiya ta faɗi. Yayana ya samo mota, motar ta zo bakin lungu ta tsaya, don ko hancinta bai shiga ba. Tsakanin zaurenmu da titi akwai gida bakwai. Aka rasa yadda za a yi da ita, sai wani ya garo baron da ake kwasar taki da shi, aka shimfiɗa tabarma a ciki aka ɗora ta. Ƙafafunta suna reto a gaba, ɗankwalinta ya zame, zaninta ina riƙe da shi da hannu ɗaya ina gudu. Kuma ranar duk wanda ke unguwar nan sai da ya fito.

Ta yi kwana huɗu a asibiti ta dawo da ƙafarta. Likita ya ja ni gefe ya ce wannan gargaɗi ne, in ya sake dawowa zai iya zuwa da shanyewar ɓarin jiki, kuma ranar duk mintin da aka ɓata a hanya a jikinta za a gan shi. Na dawo na gaya wa Inna a hankali. Ta saurare ni har na gama, sannan ta ce, "To ki ji nawa. Wallahi ba za a sake ɗora ni a baro ba. In abin ya zo, ku ja mini ƙofa, ku bar ni a ɗakina."

Na san Inna. Ba ta rantsuwa, in kuwa ta yi, an gama. Ciwon bai yi mata zafin da baron ya yi mata ba. Tsawon wata guda ba ta yarda ta haɗa ido da matan da suka zo duba ta ba. Daga ranar na san abu ɗaya ne ya rage mana: ko mota ta iso ƙofar zaure, ko mu zauna muna kallon ta.

Na je ofishin ƙaramar hukuma na yi ta tambaya har aka haɗa ni da wani ma'aikaci da ke duba yadda ake fitar da hanyoyi a sababbin unguwanni. Mutum ne mai haƙuri. Ya zo da tef ɗin awonsa ranar Asabar, ya durƙusa ya gaida Baba yadda ya kamata, aka tambayi gida da aiki da gajiya har na fara ƙosawa. Sannan ya auna lungun daga baki har ƙarshe, yana girgiza kai a hankali don kada Baba ya gani.

"Allah gafarta Malam," in ji shi, "ƙa'idar ba mai wuya ba ce. Motar asibiti ko ta kashe gobara ta shiga, a iya buɗe ƙofofinta. Kada wani abu ya tare ta daga sama. Murfin kwata ya iya ɗaukar nauyinta. Sannan a ƙarshen hanya a sami inda za ta juya, ta kawo bayanta bakin ƙofa."

"Ina za ta juya?" in ji Baba.

Mutumin ya dai kalli dakalin da Baba ke zaune a kai.

"Samari," Baba ya ce, "wannan lungun ya girmi mahaifinka. Duk wanda aka fitar daga cikinsa an fitar da shi cikin mutunci, ba a taɓa karkata makara ba."

Ban san lokacin da bakina ya kuɓuce ba. Na ce, "Baba, ai mu ba makara muke so ta wuce ba. So muke a fitar da ita da ranta."

 Ma'aikacin ya naɗe tef ɗinsa ya yi sallama da sauri. Baba bai dube ni ba, ya jawo littafinsa ya buɗe, na ga kuma a juye ya riƙe shi. Kwana shida ina zuwa gaishe shi yana amsawa da "lafiya" ɗaya tak. Na yi nadamar yadda na faɗa, amma ban yi nadamar abin da na faɗa ba, kuma ya san haka.

Rana ta bakwai da sassafe matar yayana ta kira ni a waya ta ce in zo in ga ikon Allah. Na tarar da Baba ya tuɓe babbar riga, daga shi sai 'yar shara, yana sarar dakalinsa da diga. Bai yi shawara da kowa ba, bai nemi taimakon kowa ba. Mutumin da ya haura saba'in, gumi har gemu. Yayana ya miƙa hannu zai karɓi digar, Baba ya daka masa tsawa ya ce shi ya gina, shi zai rushe. Na tsaya ina kallo, hawaye suna zubo mini, don na san abin da dakalin nan yake a wurinsa. Da ya hango ni sai ya ce, "Ke kuma tsayuwar me kike yi? Ɗauko kwando."

Abin da ya biyo baya kunya ce ta yi shi, ba doka ba. Wa zai ga Malam ya rushe wurin karatunsa, shi kuma ya ce ba zai taɓa katangarsa ba? Kafin azahar Kawu ya fara kwance kwanon shagonsa yana gunaguni, yana cewa dama wurin ba ya kawo ciniki. Gidaje uku suka ja katanga baya. Aka yanke indararo aka sa bututu ya bi bango ya sauka. Gwaggo ce kawai ta ce awakinta ba inda za su, sun saba. Sai da Inna ta aika mata da kwanon dambu da saƙon cewa tana gaishe da awaki, sannan washegari muka ga turken ya koma cikin gida. Har yau ban san abin da tsofaffin nan biyu suka fahimta a tsakaninsu ba.

Aka zuba wa kwata murfin siminti, aka kawo burji aka baje, matasan unguwa suka daɓe shi har ya yi sumul. Mijina ya roƙi wani abokinsa mai bas ya zo a gwada. Bas ta shiga, ta juya a inda dakali yake a da, ta kawo bayanta daf da zaure. Mata suka yi guɗa daga cikin gidaje. Inna ta leƙo ta bayan labule, ta kalli motar, ta kalli tazarar da ke tsakaninta da ƙofa, ba ta fi taku biyu ba. Ranar ta ci tuwo ta nemi ƙari. Baba kuwa ya koma yin karatu a kan tabarma a cikin zaure, yana cewa dama dakalin yana sa masa ciwon baya.

Da a nan labarin ya tsaya, da na ce mu mutane ne masu hankali.

Damina ta wuce, kaka ta zo, aka kawo masara gida. Duk wanda ya san garinmu ya san damuwar kaka ita ce wurin shanya. Tsakar gida ba ta isa, bakin titi kuma sai an sa mai tsaro. To ga fili a ƙofar gida, shimfiɗaɗɗe, sharare, rana tana dukansa tun hantsi har la'asar. Wa kuke tsammani ya fara? Baba. Na zo wata rana na tarar da masararsa a baje a daidai inda mota za ta juya, yana zaune a bakin zaure yana korar kaji da sanda.

Na durƙusa na ce, "Baba, wannan fa hanyar mota ce."

"Zuwa la'asar ne kawai."

"Ciwon zai jira la'asar?"

"Ke dai ba kya ganin abu ki yi shiru. In mota ta zo, minti nawa ne a kwashe?"

Cikin mako ɗaya gida biyar suka bi sahunsa. Kowa ya ja iyakarsa da kara ko da dutse, don kada masarar wani ta shiga ta wani. Aka bar wata 'yar siririyar hanya a jikin bango wadda mutum ɗaya zai bi a karkace. Lungun da muka sha wahalar faɗaɗawa ya koma ya fi da matsi. Na yi faɗa har muryata ta dushe. Kowa ya ce mini gaskiya ne, Malama, gobe za a kwashe. Ita ma Inna da na kai mata ƙara cewa ta yi in bar mutane su shanya abincinsu.

Ranar Laraba ce, ana gab da kiran azahar. Na taso daga makaranta na biya ta gida. Inna tana zaune tana tsince wake, muna hira, sai na ga tiren ya zame daga cinyarta. Ta buɗe baki za ta yi magana, bakin ya karkace gefe guda, hannunta na hagu ya faɗi kamar ba nata ba. Na kira lambar motar asibiti da na ajiye a wayata tun ranar da likita ya yi mini magana. Allah ya taimaka tana kusa. Muka kwantar da Inna a katifa, ni da matar yayana da wasu mata biyu muka kawo ta cikin zaure. Ba a daɗe ba na ji kukan motar a bakin lungu. Sai kuma na ji ta yi shiru.

Na leƙa. Daga bakin titi har ƙofarmu masara ce, fara da ja, bango zuwa bango, tana ƙyalli a rana. Direban ya tsaya da tayoyinsa a daidai inda ta fara. Na ɗaga masa hannu ina ihu ya shigo. Ya leƙo ta taga ya ce, "Hajiya, abinci ne fa!"

Ba zan zarge shi ba. Ɗan manoma ne kamar mu. Mu da aka tashe mu a kan cewa ƙwayar hatsi in ta faɗi a tsince ta, wanda ya taka abinci da gangan kuma a ja masa kunne har ya yi ja. Ni kaina Baba ya taɓa sa ni tsince gero ƙwaya-ƙwaya daga cikin yashi don na yi wasa da mudu. Ƙafar mutumin nan ta ƙi taka totur, kamar yadda tawa za ta ƙi.

Mutane suka fito da gudu, da kwarya da tire da buhu. Suna son Inna, wannan ba shakka. Amma ku ji abin da suka yi. Kowa ya nufi tasa masarar, ya durƙusa yana tarawa da tafin hannu a hankali, yana kiyaye iyaka. Na ji Kawu yana ce wa wani, "A'a, wannan ta gidan Gwaggo ce, kada ka haɗa." Gida ɗaya ba a gama ba, saura biyar. Na juya na kalli Inna, numfashinta ya canja. Na yi ihu na ce su share da tsintsiya, su tura gefe, su yi ko mene ne. Ba wanda ya ji ni.

Sai wani mai neman taimako ya garo baro ta jikin bango har ƙofar zaure. Inna ba ta iya magana, amma idonta biyu. Ta ga baron. Ta miƙa hannunta mai lafiya ta damƙi ƙafar ƙyauren zaure, ta riƙe. Na yi ƙoƙarin ɓamɓare yatsunta na kasa. Ta kalle ni, na gane sarai abin da take cewa, kuma a ranar na ji tsoron da ban taɓa ji ba.

Baba yana tsaye a bayanmu da butar alwala a hannu. Ya kalli hannun Inna a jikin ƙyaure. Ya ajiye butar. Ya fita ba takalmi, bai bi ta jikin bango ba, ya taka tsakiyar masararsa. Ya wuce ta Kawu, ya wuce ta Gwaggo, yana tafiya tana zamewa a ƙarƙashin ƙafarsa, masu tarawa suna ɗago kai suna ja da baya. Har ya isa gaban motar. Ya dafa ta ya ce wa direban, "Ɗana, biyo ni. Alhakin a wuyana."

Ya juyo ya kamo hanya, motar tana binsa a baya. Ƙarar da masarar nan ta yi a ƙarƙashin taya har yau tana kunnena. Wata mata ta toshe kunnuwa. Baba bai waiwaya ba ko sau ɗaya, leɓɓansa suna motsi, na san istigfari yake yi. Motar ta juya a inda aka tanadar mata, ta kawo baya daf da zaure, aka buɗe ƙofofin biyu suka kare mu daga idon jama'a. Na sunkuya na ce, "Inna, mota ce. Ga ta a ƙofa." Sai ta saki ƙyauren.

Likita ya ce mun zo a kan lokaci, da an ƙara jinkiri da labarin ya bambanta. Ta yi mako uku a asibiti. Hannun bai dawo duka ba, ƙafar tana ja, amma magana ta dawo a hankali. Ba ta tuna komai na ranar ba daga faɗuwar tiren wake. Da bakinta ya fara buɗewa, Baba yana zaune a gefen gado, abin da ta fara tambaya shi ne, "Malam, da me aka kawo ni?"

"Da mota. Har ƙofar zaure."

"An gan ni?"

"Ba wanda ya gan ki."

Ta lumshe ido ta ce alhamdu lillahi.

Kafin a sallamo ta Baba ya tara gida da maƙwabta ya ce duk wanda ya gaya mata an taka abinci saboda ita, shi da shi ne. Ya san ta, sai ta ɗora wa kanta ta ƙi cin tuwo. Masarar kuwa ta riga ta haɗe, ba mai iya cewa ga tasa. Wadda ba ta fashe ba aka raba wa gidaje biyar. Wadda taya ta murƙushe ta cakuɗe da burji Baba ya ce tasa ce, ba ya son musu. Ya hana a ba kaji. Muka sheƙe, muka tankaɗe, muka rairaye ta a ruwa har sau uku, amma burji ba ya fita duka. Ita muka ci a gidan har damina ta sake zagayowa. Lungun kuma tun daga ranar ko barkono ba a sake shanyawa a cikinsa ba, ba tare da na ce uffan ba.

Wata rana bayan ta dawo ina ba ta tuwo a baki, Baba yana cin nasa a gefe a kan buzu. Ta tauna, ta tsaya, ta yamutsa fuska. Ta kira matar yayana ta ce, cikin maganarta mai nauyi, "'Yar nan, tun da na kwanta kun daina rairaye hatsi ne? Duk tsakuwa." Baiwar Allah ta durƙusa ta ce a yi haƙuri, Inna, za a gyara. Inna ta juya wajen Baba tana neman mai goya mata baya.

"Malam, kai ba ka ji ba?"

Daga inda nake zaune ina jin tsakuwar tana ƙara a haƙoransa. Ya haɗiye, ya sake yanko wata lomar ya dangwala a miya.

"Ni ban ji komai ba," in ji shi. "Ci abincinki."